Tarihin Kalmar Sifaniyanci "Trasfondo" da Tushenta a Harshen Latin

1.0 Gabatarwa

A harshen Sifaniyanci, wanda kusan mutum miliyan 500 suka buɗe baki da shi, akwai wata kalma da 'yan jarida da manazarta adabi ba su rabuwa da ita, wato trasfondo. Idan rikici ya ɓarke tsakanin jam'iyyu biyu a kan abin da bai taka kara ya karya ba, sai mai sharhi ya ce rikicin yana da trasfondo, yana nufin akwai wata a ƙasa, domin ruwa ba ya tsami banza. Haka kuma idan manazarci ya karanta labarin soyayya ya ga ashe kukan talauci marubucin yake yi, wannan kukan shi ne trasfondo na labarin. Ke nan kalmar tana nufin ma'anar da ke kwance a ƙarƙashin abin da ido ya gani ko kunne ya ji, abin da malamanmu za su kira baɗinin magana.

Duk wanda ya buɗe ƙamus zai tarar an ce kalmar ta samu ne daga tras da fondo, su kuma waɗannan biyu daga kalmomin Latin trans da fundus. Wannan bayani gaskiya ne, sai dai ya yi gajarta har yana iya ɓatar da ɗalibi. Da za a ta da wani Barume na zamanin Sarki Agustas a haɗa masa waɗannan kalmomi biyu, abin da zai fahimta shi ne "ƙetaren gona". Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun yadda aka taso daga ƙetaren gona aka iso ga baɗinin magana, mu kuma nuna cewa ɓangarorin kalmar guda biyu ba ta hanya ɗaya suka iso Sifaniyanci ba.

2.0 Shigar Latin Ƙasar Sifaniya

Sojojin Rum sun sauka a garin Emporion, a gaɓar arewa maso gabashin Sifaniya, a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da suke yaƙi da Kartajawa. Ba su gama cin ƙasar ba sai a shekara ta 19 kafin haihuwarsa, bayan da aka murƙushe mutanen duwatsun Kantabiriya da ke arewa. A cikin waɗannan shekaru 200 da waɗanda suka biyo baya, Latin ya haɗiye harsunan da ya tarar, in ban da harshen Baske wanda yake raye har yau. Ƙasar ta zama ta Rumawa sosai, har ta haifi marubuta irin su Seneka da Marshiyal da Kwintiliyan, da kuma Sarki Tarajan.

Amma ba Latin ɗin Seneka ne ya zama Sifaniyanci ba. Wanda ya zama Sifaniyanci shi ne na bakin soja da ɗan kasuwa da manomi, wanda ya yi ta sauyawa daga iyaye zuwa 'ya'ya har ya wayi gari wani harshe daban. Shi kuwa Latin na littafi ya ci gaba da zamansa a coci da kotu da makaranta, masu ilimi suna komawa gare shi suna ɗebo kalmomi duk lokacin da suka buƙata. Saboda haka kalmar Latin tana iya isowa Sifaniyanci ta hanyar gado, inda baki ya goge ta, ko ta hanyar aro daga littafi, inda ta zo da kamanninta kusan cikakku. Wannan bambanci shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

3.0 Daga Trans Zuwa Tras

A Latin, trans yana nufin "ƙetare" ko "ɗaya gefen". Rumawa sun kira ƙasar da ke ƙetaren duwatsun Alf da suna Gallia Transalpina, unguwar birnin Rum da ke ƙetaren kogin Tiber kuwa har yanzu sunanta Trastevere.

Faɗuwar baƙin "n" a wannan kalma tsohon al'amari ne, ya riga Sifaniyanci kansa zuwa duniya. Tun a zamanin jamhuriya Rumawa ba su furta "n" sosai idan ya zo kafin "s", shi ya sa a rubutun da suke sassaƙawa a kan duwatsu suke taƙaita muƙamin consul da cos. Akwai kuma wani tsohon jerin gyare-gyare 227 da ake kira Appendix Probi, wanda wani malami ya rubuta don ya hana ɗalibansa kura-kuran da suka zama ruwan dare, ɗaya daga cikinsu shi ne zubar da "n" a kalmar da ke nufin tebur. Gargaɗin malamin bai yi amfani ba, kamar yadda waɗannan misalai suka nuna:

Latin mensa > Sifaniyanci mesa "tebur"
Latin mensis > Sifaniyanci mes "wata"
Latin sponsus > Sifaniyanci esposo "miji"
Latin trans > Sifaniyanci tras

Sauyin ma'ana ya fi na sauti jan hankali. Abin da ke ƙetaren dutse, ga wanda yake tsaye a wannan gefen, yana bayan dutsen ne, kuma dutsen ya kare shi. Ta wannan hanya tras ya bar "ƙetare" ya koma "baya", sa'an nan ya haifi atrás da detrás, duk masu nuni ga baya. Ana ganin matakin tsakiya a sunan yankin Trás-os-Montes na arewacin Fotugal, wanda za a iya fassarawa da "ƙetaren duwatsu" ko "bayan duwatsu" ba tare da an yi kuskure ba. Daga wuri kuma ma'anar ta tsallaka zuwa lokaci, sai aka sami día tras día, wato rana bayan rana. A Faransanci wannan kalma ta bi wata hanya daban, ta zama très mai nufin "ƙwarai", domin abin da ya ƙetare iyaka ya kai matuƙa.

Daga baya masu ilimi suka sake komawa littafi suka ɗauko trans da "n" ɗinsa, suka yi ɗafa-goshi da shi a kalmomi irin su transporte "sufuri". Don haka Sifaniyanci yana da siga biyu na kalma ɗaya, kuma a kalmomi da yawa an yarda a rubuta kowace. Amma idan ma'anar "baya" ake nufi, siga ɗaya ce tak ta halatta, wato tras, kamar a trastienda "ɗakin bayan kanti" da traspatio "filin bayan gida". Hukumar kula da harshen, Real Academia Española, wadda aka kafa a 1713, ta sa trasfondo a wannan rukuni. Akwai masu rubuta transfondo da zaton sun fi kusanta da Latin, alhali kuwa sun ƙara wa kalmar baƙin da ba ta taɓa mallaka ba, kuma sun ba ta ɗafa-goshin da ba ya ɗauke da ma'anar da suke nufi.

4.0 Fundus: Gindin Tulu da Gonar Gado

Ma'anar farko ta fundus ita ce gindin abu, kamar gindin tulu ko ƙasan rijiya ko ƙasan teku. 'Yar'uwa ce ga kalmar Jamusanci Boden "ƙasa" da ta Sanskirit budhna "gindi", domin duk daga kaka ɗaya suka fito. Amma a rayuwar yau da kullum ta Rumawa, ma'anar da ta fi yawo ita ce gona. Masana shari'arsu sun bayyana fundus a matsayin filin noma tare da ginin da ke cikinsa. Dalilin a fili yake: a wurin Barume, gona ita ce gindin dukiya, a kanta gida yake tsaye. Idan gonar ta yi faɗi ƙwarai sai a kira ta latifundium, kalmar da ta zama latifundio, wadda ta cika tarihin rikicin mallakar ƙasa a Andalus da Kudancin Amurka. A ƙasar Cile har yau fundo ake kiran babbar gona.

Tun a Latin ɗin ma kalmar ta fara barin abin da hannu ke taɓawa. Misali mafi kyau ya fito ne daga wata shari'a da ta shafi Sifaniya. A shekara ta 56 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lauya Sisero ya tsaya wa wani mutumin Gades, garin da a yau ake kira Kadis, mai suna Balbus, wanda aka yi ƙara cewa bai cancanci zama ɗan ƙasar Rum ba, ko da yake Janar Fomfe ne ya ba shi wannan matsayi. Hujjar masu ƙara ita ce mutanen Gades ba su "zama fundus" ga dokar da aka yi amfani da ita ba, wato ba su amince da ita sun ɗaure mata gindi ba. Sisero ya ɗauki lokaci yana warware ma'anar wannan furuci, ya kuma yi nasara. Balbus ya zama consul a shekara ta 40 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ne na farko da aka haifa a wajen Italiya ya hau wannan kujera. Abin lura a nan shi ne fundus ya riga ya zama abin da ke riƙe da wani abu daga ƙasa, ko da kuwa doka ce. Daga wannan saiwa aka sami fundare "kafawa", fundamentum "harsashi" da profundus "mai zurfi".

4.1 Wasali Ya Sauya, Baƙi Ya Tsaya

Idan muka dubi sigar fondo, za mu ga abu biyu da suka saɓa wa juna. Wasalinta ya nuna ta biyo hanyar gado, domin gajeren "u" na Latin yakan koma "o" a Sifaniyanci, kamar yadda bucca ta zama boca "baki", lupus ya zama lobo "kerkeci", musca ta zama mosca "ƙuda". Amma baƙinta na farko bai bi ƙa'idar gado ba. A Sifaniyanci, "f" na farkon kalma yakan koma "h" idan wasali ya biyo shi:

Latin farina > harina "garin alkama"
Latin filius > hijo "ɗa"
Latin ferrum > hierro "ƙarfe"
Latin fumus > humo "hayaƙi"
Latin facere > hacer "yi"

Inda "f" ya tsira shi ne kafin "r" da kafin tagwan wasali "ue", kamar a frío "sanyi" da fuego "wuta". Bisa wannan ƙa'ida, abin da ya kamata fundus ya haifar shi ne hondo. Kuma lalle akwai hondo a harshen, sifa ce mai nufin "mai zurfi". Ke nan ga kalmomi biyu a gabanmu, suna da sifa, ɗaya da "f" ɗaya da "h".

Kafin mu warware wannan, ya kamata mu ɗan tsaya a kan shi kansa sauyin "f" zuwa "h", saboda shi ne ya fi bambanta Sifaniyanci da 'yan'uwansa. Mutumin Fotugal filho yake cewa, na Italiya figlio, na Faransa fils, duk da "f". A littafinsa Orígenes del español na 1926, Ramón Menéndez Pidal ya bi tsofaffin takardun coci da na ciniki, ya nuna cewa alamun sauyin sun fara bayyana ne a arewacin Kastil, daura da ƙasar Baske. Sai ya danganta shi da harshen Baske, wanda a da ba shi da sautin "f". Abin da ya ƙarfafa ra'ayinsa shi ne karin harshen Gaskon, a ɗaya gefen ƙasar Baske cikin Faransa, shi ma ya mayar da "f" zuwa "h". Masu suka kuwa sun kawo cewa yankin Nabara, inda Baske ya fi ko'ina ƙarfi, ya riƙe "f" ɗinsa, sa'an nan an sami irin wannan sauyi a wasu sassa na kudancin Italiya inda babu ko ƙyallin Baske. Wasu masana, irin su Ralph Penny, suna ganin daga cikin harshen sauyin ya taso: idan ana furta "f" da leɓɓa biyu maimakon leɓe da haƙori, ɗan sassauci kaɗan ya isa ya mayar da shi "h".

A nan mai jin Hausa yana da wata dama da Bature ba shi da ita, domin namu "f" ɗin baleɓe ne, kuma kullum muna jin fushi da hushi, fura da hura, tafi da tahi, gwargwadon karin harshen mai magana. Babu wata dangantaka tsakanin Hausa da Sifaniyanci, amma wannan ya isa ya nuna mana cewa baki yana iya yin wannan sauyi ba tare da wani maƙwabci ya koya masa ba. Saboda haka a namu ganin ra'ayi na biyu ya fi nauyi, ko da yake ba za mu kore cewa zaman cuɗanya da Baske ya taimaka wajen tabbatar da sauyin a wannan yanki ba.

Rubutu ya daɗe yana ɓoye abin da baki yake yi. Marubutan fadar Sarki Alfonso na 10, wanda ya yi mulki daga 1252 zuwa 1284, fijo da fazer suke rubutawa. Shaidar cewa harafin "f" yana iya wakiltar sautin "h" a wancan zamani ta zo ne daga Larabci, wanda ya shigo ƙasar tare da Ɗariƙu bin Ziyad a 711. Kalmar hatta ta Larabci ta shiga Sifaniyanci, kuma a tsofaffin takardu fasta ake rubuta ta, alhali babu "f" a asalinta. Ita ce hasta ta yau. Haka kuma Larabcin al-funduq, masaukin fatake, ya bi sahun kalmomin Latin ya zama alhóndiga. Sai a ƙarshen ƙarni na 15 harafin "h" ya fara samun karɓuwa. Antonio de Nebrija, wanda ya wallafa nahawun Sifaniyanci na farko a 1492, ya ɗauke shi a matsayin sauti na gaske da ake ji. A wannan shekarar ce aka kori Yahudawa daga ƙasar, kuma jikokinsu da suka zauna a Salonika sun ci gaba da cewa fijo har zuwa ƙarni na 20. A Sifaniya kuwa mutanen arewa sun riga sun daina furta "h" ɗin baki ɗaya, kuma bayan da fada ta koma Madrid a 1561 furucinsu ya rinjaya. Shi ya sa a yau ana rubuta hondo, ana karanta "ondo".

To, me ya tsirar da fondo? A tsohon Sifaniyanci fondo ake rubutawa ko sifa ake nufi ko suna. Da aka zo raba "f" da "h" a rubutu, sifar, wadda ke bakin kowa wajen maganar rijiya da rami da kogi, ta bi furucin jama'a. Sunan kuwa ya zauna kusa da fundus na littafi, da kuma danginsa profundo da fundar da fundamento waɗanda masu ilimi suka aro, sai suka riƙe masa "f". Irin wannan rabuwa ba baƙuwa ba ce a harshen: forma ita ce siga, horma kuwa itacen da baduku yake ɗora takalmi a kai, kuma Fernando da Hernando suna ɗaya ne. Akwai saɓani a kan asalin ita kanta sifar. Ƙamusun Real Academia ya kai ta kai tsaye ga fundus, amma Joan Corominas, a ƙamusunsa na asalin kalmomi mai juzu'i 4 da ya fito tsakanin 1954 da 1957, yana ganin daga tsohuwar siga perfondo aka yanke ta, wadda ita kuma ta fito daga profundus. Ko wanne aka ɗauka, saiwar ɗaya ce.

Akwai ma siga ta uku. A karkarar Andalus ba a daina furta tsohon "h" ba, kuma da aka zo rubuta shi sai aka yi amfani da harafin "j". Salon waƙar nan mai ratsa zuciya da ake kira cante jondo ba kome ba ne illa cante hondo, wato waƙa mai zurfi. Ita ce mawaƙi Manuel de Falla da sha'iri Federico García Lorca suka shirya wa gasa a Garnaɗa a watan Yuni na 1922, don gudun kada ta ɓace.

5.0 Haɗuwar Ɓangarorin Biyu

Babu kalmar transfundus a Latin. Trasfondo harɗaɗɗiyar kalma ce da aka ƙera a cikin Sifaniyanci, bisa tsarin trastienda, kuma ba ta yiwu ba sai bayan da tras ya koma "baya", fondo kuma ya tara ma'anoninsa na zamani. A zane, fondo shi ne abin da ke can baya wanda mutane da itatuwa suka fito a kansa. A nazarin adabi ana haɗa fondo da forma, wato saƙo da siga. Idan mutum ya ce en el fondo, yana nufin a can cikin zuciya, ko a haƙiƙanin gaskiya. Jam'insa fondos kuwa kuɗi ne da aka ajiye, inda tsohuwar ma'anar gona a matsayin gindin dukiya ta sake leƙowa. Tun da fondo shi kaɗai ya riga ya kai ga saƙon magana, ƙara masa tras ya ba da wani mataki: akwai gindin da mai dubawa ya gani ya zaci ya kai ƙarshe, akwai kuma abin da ke bayan wannan gindin. Hoton ya yi kama da akwatin 'yan fasa-ƙwauri mai gindi biyu, wanda Sifaniyawa suke kira doble fondo.

Wani tarko da ɗalibi zai iya faɗawa shi ne aikatau na Latin transfundere, wanda ya yi kama da kalmarmu kamar an tsaga kara. Ma'anarsa ita ce juye ruwa daga wani mazubi zuwa wani, kuma daga gare shi aka sami transfusión "ƙarin jini". Saiwarsa fundere ce, wato zubawa ko narkarwa, ba ta da alaƙa da fundus. Sifaniyawan da kansu sun taɓa rikita su: fundere ya ba su fundir "narkarwa" ta hanyar littafi, ya kuma ba su hundir ta hanyar gado, amma saboda kamanninsa da hondo sai ma'anar hundir ta karkata ta koma "nutsewa".

Trasfondo ba ita kaɗai ce kalmar da Sifaniyanci ya tanada don wannan fage ba, kuma sauran ma daga abin da hannu ke taɓawa suka taso. Meollo, wato zuciyar magana, ta fito daga medulla "ɓargo", inda "d" ya faɗi tsakanin wasula kamar yadda ya faɗi a caer daga cadere "faɗuwa", gajeren "u" kuma ya koma "o" kamar a fondo. Likitoci sun sake aro kalmar daga littafi a matsayin médula. Ita kuwa enjundia, wadda ake faɗa wa jawabi ko littafi mai nauyin ma'ana, daga axungia take, man alade da Rumawa suke shafa wa sandar da ƙafafun amalanke ke juyawa a kanta. A Sifaniyanci ta fara zama kitsen cikin kaza kafin ta shiga bakin masu sharhin littattafai, kuma har yau ƙamus yana jera ma'anonin biyu a ƙarƙashin kalma ɗaya.